Takalman Kawu Nicanor

Mun bar mota a ƙauyen ƙarshe,
inda kwalta ta gaji ta koma tsakuwa.
Kawu Nicanor a gaba da alfadararsa,
ni da ƙanena Eusebio a baya,
muna hawan duwatsun Durango
kamar tururuwa a jikin tulu.

Da la'asar sakaliya ya zaɓa mana fili
cikin dogayen itatuwa masu ganye kamar allura.
Na ruga zan ɗauki dutse in danne tanti,
caraf ya riƙe mini hannu.
"Casilda, kowane dutse a nan ƙofar gidan wani ne.
Sanda ke fara sallama, ba yatsa ba."
Ya tura, ya kifar da shi can gefe,
sai ga ta, 'yar mitsitsiya, launin zuma,
ƙari a sama kamar mai shirin rantsuwa.
Ya ce, "Baƙar nan babba, yawanci barazana ce.
Wannan siririyar ita ake wa ladabi."

Dare ya yi. Wake ya nuna a gwangwani,
muka haɗa da gurasar masara.
Ragowar cuku ya rataye a reshe, nesa da mu,
don ƙamshi ba ya riƙe sirri.
Diloli suka ɗauki kuka daga ƙwarin gabas,
na yamma suka amsa.
Alfadara ta kafe kunnuwa tana kallon duhu,
ta ga abin da ba ta gaya mana ba.
Ni dai ban runtsa ba.
Ko ganye ya faɗo sai in ji zakin dutse ne.

Da hantsi Eusebio ya zagaya bayan fa.
Sai muka ji caki,
tsss, kamar busasshen iri cikin ɗan duma.
Yaron ya sandare, wando a hannu.
Maciji ya naɗe a kan dutsen da rana ta ɗumama,
wutsiya na kaɗawa, kai na auna tazara.
Kawu bai ɗaga murya ba.
"Kada ka juya. Ja ƙafar hagu.
Yanzu ta dama. Sannu. Ƙara."
Taku bakwai na ƙirga, ban shaƙi iska ba.
Na miƙo masa adda, ya girgiza kai:
"Wanda ya yi maka gargaɗi kafin sara
ya fi mutane da yawa kirki."

To, ga inda nake dariya har yau,
dariyar da ke tafe da ƙwalla.
Yana tsaka da yi mana karatu,
a kakkaɓe takalmi, a kakkaɓe bargo,
a zuge tanti ko fitar minti ɗaya ce,
ya kai hannu ya ɗauki malafarsa daga ƙasa
ya kifa a kai.
Gwani, shekara arba'in a dawa!
A bayan kunne ta same shi.

Mu muka ɗora shi a alfadara.
Harshensa ya yi nauyi, yawu na zuba,
yana cewa kamar gashi ya cika masa maƙogwaro.
Awa uku muna gangara, Eusebio na jan linzami,
ni ina riƙe da ƙafarsa, ina kiran duk waliyyin da na sani.
A ƙaramin asibitin ƙauye wata nas, Ofelia,
ta yi masa allura, ta haɗa masa da faɗa.

Ya ƙara shekara goma sha ɗaya.
Ba kunama ba, ba maciji ba,
tari ne ya ɗauke shi, a gado, a birni.

Takalmansa na gada. Sun yi mini yawa.
Ina hawa na uku yanzu, bene mai tayil,
ko kyankyaso ba ya zuwa.
Amma kowace safiya sai na kife su,
na buga sau biyu a bakin ƙofa,
na tsaya, na duba ƙasa.