Rijiya Ta Biyu

Daura dama garin rijiya ne,
Kowa ya san Kusugu tun yana goye,
Ba mu zaci ta biyun za ta zo da mai.

Wata Laraba, ana tsakar cirar gyaɗa,
Motoci uku suka ja birki gonar Baba Jatau,
Masu hular kwano, da wayoyi da littattafai.

Suka kafa turke, suka shafe shi da jan fenti,
Daidai inda jakinmu ke birgima in rana ta take,
Suka ce wa Baba: ƙarƙashinka arziki akwai.

Baba ya dubi ƙasa, ya dubi kantar hannu nai:
"Shekara hamsin ina gaishe ta da hauya,
Ashe gaisuwata ba ta yi zurfi ba sosai."

Iya Tambai dariya ta yi har da tari,
Tana matsar tunkuza a bakin turmi:
"Mai? Ga nawa nan kwalba bakwai.
Nawa ana zuba wa ɗanwake.
Nasu fa, wa zai lasa ya kwana da rai?"

Damina biyu ba ta cika ba,
Gonar da ake ba da aro ta koma fuloti,
Kwalta ta bi ta kan gawon kakanmu,
Rumbu ya zama ma'ajin jarkoki da buhun ledoji,
Ƙanena Barau ya sai da shanun huɗa,
Ga shi can ƙofar kamfani da kulki, ya yi tsai.

Da dare wuta na ci a bakin bututu,
Zakarun unguwa sun rikice,
Ƙarfe ɗaya suke cara, ba su san asuba ba sarai.

Ba zan yi ƙarya ba, na ci moriya:
Matata ta sauka ƙarƙashin lantarki,
Ba a amalanke ba, kamar uwata da ƙannai.
Amma geron kokon suna
A mudu na auno shi Mai'aduwa, na sunkuyar da kai.

Baba yana da ƙwarya a ƙarƙashin gado,
Iri ne, ya hana ko kaza ta gani.
Jiya da ruwan farko ya sauka
Ya fita da sungumi, ya bi gindin wayar kamfani,
Sara, zuba, take da diddige,
Barau na kallon gabas kamar bai gan shi ba,
Har Baba ya kai ƙarshen layi bakwai.