Rigar Iska

Shekara talatin ina bisa keken ɗinki
a rumfar da ke kallon tashar Madarunfa,
kuma duk uwar da ta miƙo mini yadi
maganarta ɗaya ce: Barmo, ƙara masa taƙi,
yaro ne, zai girma a ciki.
Ni kuwa in ƙara. Rabin yaran unguwarmu
sun ci sallah da hannun riga har gwiwa.

Sai ga Nomau direba ya dawo daga Kotonu
da wani allo ɗaure a bayan mota,
dogo kamar makara, sakayau kamar ƙwarya,
da sanda, da filafili ja da ruwan ɗorawa
wanda wani ƙato ya gaji da shi a bakin teku.
Ya ce wa ƴarsa Saude: ga tsarabarki.

Ranar farko na bi su tafki.
Ta hau allon, ta kama igiya,
ta ja, ta ja, har jijiyar wuya ta fito.
Filafilin ya sha ruwa ya kwanta
kamar saniyar da ta ƙi tashi.
Da ya tashi kuwa, iska ko sallama babu,
ta fizge shi har da mai shi,
tsundum, a gaban masunta.
Sau tara na ƙirga. Na goma ban duba ba.

Na kai ta wurin mai awon aya,
ta hau sikeli tana ɗiga:
kilo talatin da ɗaya, har da ruwan kitso.
Na shimfiɗa filafilin a ƙasa, na auna, na lissafa,
ya kusa mita shida.
Na ce, Nomau, wannan ko kai sai ka ƙoshi.
Ya ce, bar shi, za ta girma a ciki.

Na ji maganata a bakin wani, na yi shiru.

Riga in ta yi yawa, a naɗe hannu.
Takalmi, a cusa tsumma.
Amma iska ba ta san baɗi ba.
Abin da ka buɗe mata shi take cikawa,
kuma hannun da ke riƙe yau
shi zai biya, nan take.

Saude ta yi kuka da ta ga almakashi.
Ta ce ƙarami na jarirai ne,
ƴan ajinsu za su yi mata dariya.
Ban lallashe ta ba. Na ja alli, na yanka,
karo na farko hannuna ya yi rawa a kan yadi.
Na bar mata biyu da rabi, na rage sanda,
na sauko da mariƙi daidai kafaɗarta.
Allura uku suka karye kafin dare.

Juma'a da la'asar, iska mai kunya,
wadda ke taɓa ganyen gawo ta ƙyale reshe.
Ja ɗaya, ya miƙe yana zubar da ruwa.
Ta yi tangaɗi, ta tsaya,
ta jingina bayanta da abin da ba a gani.
Allon ya ɗan yi tunani, sannan ya tafi.
Kirinjijiya suka tashi daga cikin ciyawa,
wani tsoho a kwalekwale ya saki komarsa
ya bi ta da ido har ta zama ɗigo ja.
A dawowa ta faɗi sau biyu.
Juyawa kam ba tela ke ɗinka ta ba.

Ragowar na naɗe, tana ƙarƙashin keke.
Matata ta so ta rufe akurkin kaji da ita, na hana.
Duk wata Saude kan bi ta wurin mai aya,
ta leƙo rumfa: talatin da biyu, Baba Barmo!
In ce, je ki ci tuwo.
Zare na nan, bai ƙare ba.