Safa Ɗaya a Aljihun Direba

Wata bakwai na ajiye sitiyari.
Na koyi dama kunu da hannun hagu,
na koyi barcin zomo, ido ɗaya a buɗe.
Yau Litinin, biyar saura kwata,
Gotenbog na kwance cikin duhu da ƙanƙara,
ina sanɗa a gidana kamar ɓarawo,
takalmi a hannu, kada Tindra ta ji.
Ta ji.
Ba ta yi kuka ba.
Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

A tasha, an ba wani yaro akwatin kayana,
Melker, mai ɗan gemun da bai gama fitowa ba.
Ya ce mini sannu da zuwa,
kamar ni ne baƙon.
Gunvald, abokin shan gahawata shekara goma sha ɗaya,
ya yi ritaya tun bazara.
Kofinsa kaɗai ya bari,
shi ma an cika shi da biro.
Ragnhild ta miƙo takarda ba ta ɗago kai ba:
an karkatar da hanyarka, ana gyaran gada,
na'urar tikiti sabuwa ce, ka karanta bayanin.
Na ce to.
Rafi ba ya jiran wanda ya koma ɗauko tulu.

Kujerar ma ta manta da bayana.
Wani dogo ne ya horar da ita,
ƙafata na laluben birki
kamar mai neman ashana a ɗakin da ba nasa ba.

A tsayawa ta uku na gane
ba hanyar kaɗai aka karkatar ba.
Ina taka birki a hankali, a hankali,
kamar da mai barci a kafaɗata.
A jar wuta na kama kaina ina rangaji,
dama, hagu, dama,
ina rarrashin bas mai mutum arba'in.
Wata tsohuwa mai koriyar hula
ta haɗa ido da ni ta madubi, ta yi murmushi.
Ta san rawar.

Rediyo ta yi ƙara: ka makara minti huɗu, ina ka tsaya?
Na tsaya ne ga wata mata
mai tura keken jariri kan santsi,
jaka na zamewa daga kafaɗarta.
Bara da na wuce, na ce wata motar na tafe.
Bana na san nauyin minti goma a cikin sanyi.

Ƙarfe goma, lokacin ayaba.
Ba agogo ya gaya mini ba, ƙirjina ne.
Na sa hannu a aljihu ina neman hankici,
sai ga safa, rawaya, guda ɗaya,
tsawonta bai kai babban yatsana ba.

A hutun rana saƙo ya shigo daga gidan reno.
Majken ce: ta ci, ta yi barci,
ta saki kujera ta yi taku biyu.
Taku biyu.
Wata bakwai ina gadin takun nan
kamar mai gadin madara a kan wuta,
sai da na juya baya ta tafasa.
Na karanta sau uku.
Na cinye burodina ban ji ɗanɗanonsa ba.
Melker ya tambaya ko lafiya,
na ce 'yata ta fara tafiya,
ya ce madalla, ya koma kan wayarsa.

Ba zan yi ƙarya ba, akwai abin da na ji daɗinsa:
na sha gahawa da zafinta har ƙasan kofi,
babu wanda ya ja mini kunne.
Kunyar wannan daɗin ta raka ni har gada.

Da yamma na buɗe ƙofa.
Ta dube ni, ta ɓoye fuska a wuyan Solveig,
irin fushin da ba shi da kalma tukuna.
Na durƙusa, na jira.
Can ta miƙo hannu,
ba don ni ba,
don katin aikin da ke lilo a wuyana.
Ta sa shi a baki.

Gobe ma biyar saura kwata.
Safar tana can gaban sitiyari,
inda na bar ta, kusa da takardar sabuwar hanya.