Na'ura Ta Ɗari da Sha Huɗu

Ƙarfe biyun dare a Gdynia.
Teku na tari a bayan ɗakin ajiya,
ni kaɗai da kwali goma sha biyu
cike da na'urorin hannu, ɗari uku cif,
kowace da maiƙon yatsun mai ita.

Da rana Ostrowski ya ce, yana kaɗa biro:
"Mirek, gobe ƙofa ɗaya nake so.
In sun kunna, manhajar kaya,
in sun kashe, manhajar kaya.
Ba karta, ba kiɗa, ba kallon ƙwallo a bayan tirela."
Ban musa ba, don yana da gaskiya.
Watan jiya wani ya sauke wata banzar manhaja,
ta tsotse batir kamar kaska,
ta aika adireshin kwastomominmu
garin da ko sunansa ba mu iya faɗa.
Kwantena biyu na kifi suka kwana a tasha
har warinsu ya kai ofishin bene.

To, na zage damtse.
Na bar wa idon na'ura aiki guda:
karanta baƙaƙen layukan jikin kwali.
Na rufe kasuwar manhajoji,
na ɗaure saituna da kalmar sirri,
maɓallin komawa gida na mai da shi bango.
Ɗaya bayan ɗaya,
kamar mai yi wa kuratan soja aski:
su shigo da kamanni, su fita kai ɗaya.

Sai ta ɗari da sha huɗu.
Gilashinta ya tsage a kusurwa,
an ɗaure ƙugunta da jan salatif.
Ina taɓawa fuska ta haska:
yaro mai giɓi, hula ta danne kunne ɗaya,
ya ɗaga kifin da ya fi hannunsa tsawo.
Na san mai ita.
Jadwiga ce, ta layi na tara,
wadda ba ta amsa gaisuwa sai ta sha kofi,
wadda ɗanta ya kwashe iyali zuwa Bergen
shekara uku ke nan, da alkawarin bazara.

Umarni bai san jika ba.
Umarni kalma uku ne: goge, girka, kulle.
Na zauna har shayina ya huce,
firjin ɗakin sanyi na ta gurnani.

Daga baya na tura hoton ga injin buga takarda,
tsohon nan mai cin gefen shafi.
Sannan na danna.
Yaron ya dushe, tambarin kamfani ya fito
shuɗi, tsaf, ba giɓi ko ɗaya.
Na sa almakashi na rage takardar,
na cusa ta ƙarƙashin robar baya, mai garai-garai,
na wuce ta ɗari da sha biyar.

Ƙarfe shida suka shigo, numfashi na hayaƙi.
Wani ya yi ta dannawa yana neman ƙwallonsa,
ya zagi uwar duk wanda ya yi wannan aiki.
Na sunkuya kamar ina ɗaure takalmi.

Jadwiga ta ɗauki tata, ta kunna,
ta kalli shuɗin tambarin, ba ta ce uffan ba.
Nauyin hannu ne ya sa ta juya bayan.
Ta daɗe.
Sannan ta tako har teburina,
ta ajiye ta a gabana kamar sammaci:
"Ka yanke masa wutsiyar kifin."

Ta ɗauka ta tafi.

Yanzu ɗakin ajiya na kuka da murya ɗaya,
ƙit, ƙit, ƙit, daga layi zuwa layi,
Ostrowski na murmushi ga allon lissafinsa.
Ba a ƙara ɓatar da ko gwangwani ba.
Amma a layi na tara, duk ɗaga hannu,
bayan na'ura ne ke fuskantar kaya,
sai yaro mai guntun kifi
ya riga kamfani ganin kowane kwali.