Layi Biyu a Bayan Rasit

A tudun Valparaíso, inda gidaje ke rataye kamar shanya,
Eulogio ya kashe fitilar shago, ya bar hasken kwamfuta.
Agogon aljihu ne a gwanjo, mai murfin azurfa,
irin wanda mahaifinsa ya jinginar, bai fanso ba.

Tun la'asar ya rubuta a bayan rasit:
peso dubu casa'in. Ya ja layi biyu a ƙasa.
Ya nemi hoton cikin agogon, aka turo.
Ya bi shaidar masu saye a kan mai kayan,
har ta matar da ta yi ƙorafin jinkiri.

Wani ya rubuto masa ta bayan fage:
ina da irinsa, rabin kuɗi, turo asusuna yau.
Cinikin biri a sama?
Ya yi tsaki, ya goge.

Saura minti ɗaya.
Tamanin da biyar. Tamanin da takwas.
Ya taya casa'in.
Wani, a wata ƙasa ko a layin baya,
ya ɗora dubu biyu.

Yatsa ya tsaya a kan maɓalli, yana ƙaiƙayi.
Jirgin ruwa ya yi kuka daga tasha.
Layi biyun nan suka zuba masa ido.

Ya janye hannu.

Da safe Hortensia ta ce, ka samu?
Ya ce, a'a, amma kuɗin haya na nan.
Agogo goma sha ɗaya a bango, duk na mutane,
kowanne na jiran ya gyara masa lokaci.