Huhun Goro

Ran Laraba ruwan Ikko ya tsuge tun asuba,
kwatocin Agege suka tumbatso har kan titi.
Na tattare zani, filashi ƙulle a bakin mayafi,
na haye benen Rasaki, can bayan layin dogo.

Na ce hoton Baba nake so, babba, na bango.
Jibi addu'ar shekara.
Albam ɗinmu ambaliyar bara ta cinye,
mai hoton da ya ɗauka ya koma Abekuta tuntuni.
Abin da ya rage shi ne wannan:
takardar ƙungiyar 'yan goro da sakatare ya buga,
shafi na tara, Malam Barau, ma'aji,
kansa da kafaɗunsa, ba su fi kan sarki girma ba.

Ƙanena Sallau ya riga ya gwada.
Ya ɗauki hoton allo, ya ja shi, ya buɗa,
fuskar Baba ta wargaje kamar tsakin masara a tire,
ido ɗaya ya zama ɗigo huɗu,
gemun ya koma hayaƙi.

Rasaki ya yi dariya, Hausarsa ta Agege ce, mai gishirin Yarbanci:
Anti, inuwa kuka kama.
Takardar nan da kike gani huhu ce,
ganye ne a waje, goron yana ciki.

Ya fara yin kwafi, ya ce ba a taɓa ta asali.
Ya je wutsiyar sunan, ya goge haruffa huɗu,
ya rubuta uku: zif.
Kwamfuta ta tambaye shi ko ya tabbata.
Ya ce mata ya tabbata.

Sai wuta ta ɗauke.

Muka zauna a duhu, jirgin ƙasa ya wuce, bene ya girgiza,
yaron shago ya ja igiyar janareta sau bakwai
yana zaginsa ƙasa-ƙasa.

Da allon ya dawo, takardar ta zama jaka.
Jaka cikin jaka, ganye bayan ganye,
har muka kai ta ƙarshe, inda ake tara hotuna.
Ya danna.

Baba ya cika allon.
Ga jan goro a haƙoransa,
ga zaren da ya zame daga hularsa,
ga tabon da babur ya bar masa a Oshodi,
ga ma zufa, ɗigo biyu, a gefen hanci.

Amma hoton ya fi yadda na san shi faɗi.

Rasaki ya ce sakatare ya datse shi ne don ya shiga layi,
ita kuwa na'urar ba ta yankewa,
kalmashewa take yi, kamar bakin zani,
abin da aka ɓoye yana nan a naɗe.

A hagu akwai hannu da lalle,
yana riƙe da hannun rigarsa.
Na san zoben. Na san ɗan yatsan da wuƙa ta taɓa.
Inna ta riga shi tafiya da shekara shida,
ba mu da hotonta ko guda.
Rabin fuskarta ne, tana kallon wani waje,
kamar an kira ta daga madafa.

A dama, ƙasa, wata yarinya ce da takalmi ɗaya,
ido a kumbure, baki a tunzure,
ban tuna abin da ya sa ni kuka ba ranar.

Rasaki ya ɗora hannu kan linzami, bai dube ni ba.
Ya ce, in datse shi yadda yake a takarda?

Na ce bar shi.
Bar bokitin ma, da igiyar shanya.

Dubu takwas ya ce, muka tsaya a shida da rabi.
Firinta ta daɗe tana numfashi.
Ya naɗe shi a leda biyu saboda ruwan,
na tura shi ƙarƙashin mayafi, na sauko,
mu uku,
ina neman inda zan taka.