Hoton da Asabe ta Aiko

Ina kan tsani a gidan tarihi na Jos,
laka har gwiwar hannu,
ina ɗinke tsagar da damina ta yi wa ganuwa,
waya ta yi ƙara.
Dalyop ya goge hannu a wando, ya buɗe mini.

Asabe ce, daga Fulorans,
cikin rigar sanyi.
A bayanta wata jar tulluwa
ta kwanta kan gari kamar kaza kan ƙwai.

Ta ce, Baba, ta kusa shekara ɗari shida.
Jan bulo ne, ɗaya bisa ɗaya,
kuma ba a tokare ta daga ƙasa ba
sa'ad da ake rufe ta.

Ban kalli 'yata ba, Allah ya yafe mini.
Na ja hoton da yatsa biyu,
ina neman inda magini ya ɓoye dabara.
Mu da azara muke ɗaure baka.
Shi da me ya riƙe sama
kafin kwaɓi ya kama?

Akwai gada mai shaguna a gadon baya,
da hasumiya mai dogon wuya.
Na wuce su.

Tulluwar na koma.
Wani lebura ya hau can da sanyin asuba,
yatsunsa a tsattsage kamar nawa,
ya ci gurasarsa a sama,
don saukowa ma aiki ne.
Sunansa bai fito a hoton ba.

Dalyop ya ce laka na bushewa.
Na bar shatin yatsana a gilashi,
daidai kan tulluwar,
na ɗebi wani curi.